Kafin Mu Tambayi Waya Wanda Za Mu Zaɓa

Darasi domin ƙungiyoyin manoma, na mata da na matasa

Da can, idan zaɓe ya gabato, labarin 'yan takara yakan iso ƙauyukanmu ta rediyo, ko a majalisar ƙofar gida bayan an ci tuwon dare, ko a ranar kasuwa, ko ta bakin mai lasifika a bayan motar kamfen. Yanzu an sami ƙari. Daga Dambatta da Makoɗa zuwa Bichi, Tsanyawa, Bagwai da Shanono, da wuya a shiga unguwa a rasa saurayi ko budurwa mai babbar waya. Idan gardama ta yi zafi a kan wane ya fi wane, sai wani dattijo ya ce, "Kai yaro, duba mana a wayarka." Yaron ya rubuta sunan a Google, ya karanto abin da ya fito, sai gardama ta mutu. Waya ta faɗa.

Wannan darasi a kan wannan "duba mana" ne. Ba mu ce a daina dubawa ba. Amma ƙuri'a ɗaya kowannenmu yake da ita, kuma wanda muka ɗora zai yi shekara huɗu a kan kujera. A cikin shekarun nan za a yanke shawara a kan takin zamani, da maganin ƙaramin asibiti, da rijiyar burtsatse, da hanyar da muke bi mu kai gero da wake kasuwar Dawanau. Ya kamata mu san wanda muke tambaya kafin mu dogara da amsarsa.

Me injin bincike ya sani?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Google da ire-irensa suna da na'urori masu yawo a intanet dare da rana, suna kwafar abin da mutane suka rubuta a shafuka, suna ajiyewa. Idan muka rubuta suna, sai su zaƙulo shafukan da sunan ya fito a ciki, su jera mana su. Shafin da zai hau sama shi ne wanda kalmominsa suka fi dacewa da tambayarmu, wanda wasu shafuka suka fi nuni zuwa gare shi, sau da yawa kuma wanda ya fi sabunta. Wani lokaci na can saman duka talla ne da aka biya kuɗinta, za a ga an rubuta ƙaramar kalmar Turanci "Sponsored" a kusa da shi.

Wato injin kamar dillalin hatsi ne wanda bai taɓa zuwa gona ba. Ya san abin da aka kawo kasuwa, ya san buhun da aka fi tayawa. Amma ko an yi wa gonar noma uku, ko ciyawa ta cinye ta, wannan bai sani ba. Google bai taɓa zuwa ya ga ko famfon da aka ce an gina yana ba da ruwa ba. Abin da ya sani shi ne an rubuta cewa an gina.

A nan matsalarmu ta fara. Game da ɗan takarar shugaban ƙasa ko gwamna, akwai dubban shafuka, na masu yabo da na masu suka da na 'yan jarida masu bincike. Mai haƙuri zai iya auna su. Amma Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, da mazaɓun kansila 484, da kujeru 40 a majalisar jiha, da 24 a majalisar wakilai ta tarayya. Mutanen da aikinsu ya fi taɓa mu kai tsaye, su ne aka fi ƙarancin rubutu a kansu. A nemi mai neman kujerar Dambatta da Makoɗa, ko ta Bagwai da Shanono, ko mai son zama shugaban ƙaramar hukuma. Abin da zai fito ɗan kaɗan ne, kuma yawancinsa daga wuri ɗaya ya taso.

Baki goma, murya ɗaya

Kusan kowane ɗan siyasa mai ɗan ƙarfi yana da mai taimaka masa kan yaɗa labarai. Aikinsa ya rubuta sanarwa, cewa mai girma ya raba buhunan taki, ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, sa'an nan ya aika wa ƙananan jaridun intanet. Da yawa sukan buga ta yadda ta zo, ba su canja ko waƙafi ba. Idan muka bincika sai mu ga labarin a wuri goma, mu ce lallai gaskiya ne tun da kowa ya faɗa. Mu buɗe uku daga ciki mu karanta layin farko. Idan kalmomin iri ɗaya ne, to mutum ɗaya ne ya yi magana sau goma. Haka kuma labarin ɓatanci: abokin hamayya ma yana da nasa yaran.

Mu a Kano wannan ba baƙon abu ba ne. Mun daɗe da sanin sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a gidajen rediyo su yabi ubangidansu su zagi na wani. Idan mun ji su a rediyo mun san muryarsu, mun san wanda yake ba su na cefane, sai mu rage wa maganar gishiri. A waya kuwa ba murya, ba fuska, sai rubutu mai kama da na jarida. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko a rediyo ko a Facebook.

Abin ma ya wuce yaran unguwa. A 2018 jaridun Ingila suka bayyana cewa an ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica domin ya yi aiki a zaɓen Nijeriya na 2015, har da yaɗa bidiyo na tsoratar da masu zaɓe. A watan Mayu na 2019 kamfanin Facebook ya ce ya rufe shafuka da asusu 265 na bogi masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda suke shigar burtu kamar 'yan ƙasa suna tsoma baki a siyasar Nijeriya, Nijar, Senegal da wasu ƙasashe. A watan Janairu na 2023 kuma binciken BBC ya nuna cewa jam'iyyu suna biyan masu yawan mabiya a asirce domin su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya. Wanda yake da kuɗi zai iya cika intanet da sunansa. Wanda ba shi da su, ko da ya yi shekara ashirin yana koyarwa a firamaren garinsu da amana, injin bincike zai nuna kamar babu shi a duniya.

Harshe da suna

Yawancin abin da aka rubuta a kan siyasar Nijeriya da Turanci yake. Idan muka tambaya da Hausa, shafukan da injin zai zaɓo daga ciki ba su da yawa. Idan muka tambaya da Turanci, sai mun dogara ga mai fassara, ko yaron da ke riƙe da wayar ko na'urar fassara ta Google, wadda aka sa wa Hausa a 2013. A wajen fassara ne ƙananan kalmomi suke faɗuwa a hanya. "Ana zarginsa" daban, "an gurfanar da shi" daban, "kotu ta same shi da laifi" daban. Kafin labari ya tashi daga fuskar waya ya kai kunnen mutum na uku a majalisa, duka ukun sun zama "ɓarawo ne".

Ga kuma sunayenmu. Mu mutane ne masu ɗaukar sunan gari. Wani ya rubuta Dambatta, wani Danbatta, injin kuwa yakan haɗa su ko ya raba su yadda ya ga dama. Mai neman ɗan takarar da ke amsa sunan garin zai iya cin karo da marigayi Magaji Dambatta, tsohon ɗan jarida kuma ɗan NEPU, ko Farfesa Umar Garba Danbatta da ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023. Waɗannan sanannu ne, ba za su ruɗa mu ba. Amma Sani Musa nawa ne a Kano ta Arewa? Kafin mu ɗora wa mutum laifi ko yabo, mu tabbata shi ne: hotonsa, garinsu, jam'iyyarsa, da kujerar da yake nema.

A duba kwanan wata

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma muna da misalinsa a gida. A ranar 18 ga Maris 2023 aka yi zaɓen gwamnan Kano. Hukumar zaɓe ta INEC ta ce Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a NNPP, ya sami ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma ya sami 890,705. A ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba, ta ce takardun ba su da hatimi ko sa hannu, ta ba Gawuna nasara. A ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan cire shi. Bayan 'yan kwanaki sai takardar hukuncin ta fito da wani sashe mai cewa akasin abin da aka karanta a kotu, jami'an kotun suka ce kuskuren rubutu ne. A ƙarshe, ranar 12 ga Janairu 2024, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kotunan biyu, ta tabbatar da zaɓen Abba.

Duk waɗannan labarai suna nan a intanet har yanzu, ba wanda ya share su. Mai bincike zai iya samun shafi mai cewa "Kotu ta tsige gwamnan Kano", da wani mai cewa "Kotu ta tabbatar da gwamnan Kano". Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowanne gaskiya ne a ranarsa. Amma wanda ya ɗauki hoton kan labarin watan Satumba ya tura a WhatsApp ba kwanan wata, ya yaudari mutane da labarin gaskiya. Idan haka ta faru da kujerar gwamna, wadda duk ƙasa ta zuba wa ido, ina ga ƙaramar shari'ar ɗan majalisa, wadda aka buga farkonta ba wanda ya koma ya buga ƙarshenta? Haka ma sauya sheƙa. A siyasar Kano mutum yakan kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, shafin shekara biyu da suka wuce kuwa bai san ya tashi ba.

Na'urori masu ba da amsa

Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, an sami sabon salo. Yanzu akwai na'urori masu ƙirƙirarriyar basira, har a cikin WhatsApp, da a saman shafin Google kansa. Su ba jerin shafuka suke bayarwa ba. Amsa suke haɗawa, a tsare, cikin natsuwa, kamar malami yana karantarwa. Za a iya ce musu, "Kwatanta mini wane da wane," su jero bayani ɗaya bayan ɗaya.

Daga rubutun da ke intanet suka koyi magana, saboda haka duk raunin da muka ambata a sama sun gāje shi. Sun kuma ƙara da nasu: inda ba su da labari, sukan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Sukan ba mutum digirin da bai yi ba, ko kujerar da bai taɓa hawa ba, kuma muryarsu ba ta rawa. Akwai gwaji mai sauƙi da kowace ƙungiya za ta iya yi. A tambayi na'urar abin da kowa a wurin ya sani: ranar da kasuwar garinku take ci, ko sunan dagacinku, ko ƙauyukan da suke noman rani a madatsar ruwa ta Watari ko ta Tomas. A maimaita tambayar sau biyu. Abin da za a ji ya isa ya nuna gwargwadon yardar da ta dace da ita a kan ɗan takarar kansila.

Inda waya take da amfani ƙwarai

Kada mu jefar da ita. Akwai abin da waya take yi wanda iyayenmu ba su samu ba, wato kawo mana takardun hukuma har gindin bishiya. A wajen halin mutum shaidarta ba ta da ƙarfi. A wajen takarda kuwa ta cancanci kuɗin data.

Na farko, sunayen 'yan takara. INEC takan buga jerin waɗanda jam'iyyu suka tsayar, da shekarunsu da takardun karatun da suka gabatar. Wannan ya fi hoton da aka manna a bango. Na biyu, sakamakon rumfa. Tun 2020 hukumar ta buɗe shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamako ta kowace rumfa, wadda ake kira EC8A. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 ɗorawar ta yi jinkiri ƙwarai, hukumar ta ce matsalar na'ura ce, abin ya jawo babbar gardama. Duk da haka, wanda ya tsaya aka ƙirga ƙuri'un rumfarsu a gabansa ya rubuta a takarda, yana da abin da zai gwada da hoton da aka ɗora.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci ga mai son gwada 'yan siyasa, shi ne kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ta yi shekara da shekaru tana ware naira biliyan 100 a shekara domin ayyukan mazaɓu da sanatoci da 'yan majalisar wakilai suke zaɓa. Kowane aiki yana da layinsa: sunan aikin, garin, kuɗin, da hukumar da za ta yi shi. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, ta buɗe shirin Tracka a 2014 domin jama'a su bi sawun irin waɗannan ayyuka. Hukumar ICPC ma ta fara nata bin sawun a 2019, ta kuma gano ayyukan da aka biya kuɗinsu ba a yi ba, da kayan jama'a da aka karkatar. Kason da kowace ƙaramar hukuma take samu daga asusun tarayya ana buga shi wata-wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta ce a amsa cikin kwana 7. Ba kullum ake amsawa ba, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa tana da nauyinta. Idan kuma hoto ko bidiyo ne ya tayar da ƙura, akwai masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, a nemi ko sun riga sun bincika shi.

Sai dai mu lura: abin da aka rubuta a kasafi alkawari ne, ba gini ba ne. Wani lokaci ba a saki kuɗin ba sam, kuma ba laifin ɗan majalisar ba ne. Wani lokaci an saki, sun bi ta wata hanya. Takarda ba za ta bambance mana waɗannan biyu ba. Sai an taka.

Gani ya kori ji

A nan muke da gatan da mutanen birni ba su da shi. Ƙasarmu a cike take da mutane, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Masana irin su Michael Mortimore sun yi ta rubutu tun shekarun 1960 a kan yadda manoman kewayen Kano suke ciyar da jama'a mai yawa a ƙaramin fili ta wurin takin gida da aiki tuƙuru. Wannan kusanci yana da amfani a siyasa. Da wuya a ce an gina aji biyu a wani ƙauye na mazaɓarmu a rasa wanda 'yarsa take aure a can, ko wanda yake cin kasuwarsu. Tafiyar rabin sa'a ce a babur.

Ga yadda ƙungiya za ta iya yi. A zaɓi mutum huɗu ko biyar, a ciki har da mata da dattijo ɗaya. Masu waya su zama biyu, kuma zai fi kyau idan ba jam'iyya ɗaya suke so ba, gama mai riƙe da waya shi ne yake zaɓar abin da zai karanto da abin da zai tsallake. Wannan ba ƙaramin iko ba ne, musamman a kan iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda sau da yawa labarin yakan iso musu bayan ya bi ta baki uku. Su nemo ayyuka uku da aka rubuta da sunan mazaɓar. A kwafe su a littafi, da shekara da kuɗi. Sa'an nan a je. Akwai ginin? An gama shi? Yana aiki? Wa yake amfana, jama'a ko gidan wani? A tambayi matan da suke ɗiban ruwa, su suka san watan da famfo ya tsaya.

Mu kuma auna kowa da ma'aunin kujerarsa. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, amincewa da kasafi, da sa ido a kan masu kashe kuɗi. Ɗan majalisar da ya raba taliya da atamfa a ranar salla zai cika Facebook da hotuna. Wanda ya zauna a kwamiti ya hana a yanke kuɗin asibitocin karkara ba shi da hoto ko ɗaya. Firamare, ƙaramin asibiti da kasuwar ƙauye kuwa sun fi rataya a wuyan ƙaramar hukuma da jiha. Kada mu tuhumi sanata a kan abin da yake na shugaban ƙaramar hukuma, kada kuma mu bar wani ya ci yabon aikin da ba shi ya yi ba.

Sabon ɗan takara fa, wanda bai taɓa riƙe komai ba? Shi ba shi da layi a kasafi, kuma waya ba ta da abin faɗi a kansa sai abin da ya rubuta da kansa. Amma yana da gari. Akwai waɗanda suka yi ciniki da shi, da maƙwabcin gonarsa, da waɗanda ya riƙe wa kuɗin ƙungiya. Ba a cinikin biri a sama. A gayyace shi, shi da abokan takararsa, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a gaban jama'a, a rubuta amsoshin da kwanan wata, a ajiye littafin a hannun ma'ajin ƙungiya.

Domin tattaunawa

A zaɓen da ya wuce, wane labari ne ya iso garinku ta waya wanda daga baya ya zama ba haka ba ne? Ta hannun wa ya shigo, kuma wa ya amfana da shi?

Su wane ne a cikinmu ba sa iya karanta abin da ke waya da kansu? Wa yake karanta musu, kuma da wa za su gwada abin da aka karanta?

Kafin taro na gaba, masu waya biyu su nemo aiki ɗaya da aka rubuta a kasafin kuɗi da sunan ƙaramar hukumarku. Mutum biyu su je su gani, su zo da labarin abin da suka tarar da sunan kamfanin da ke jikin allon aikin, idan akwai allo.